Kafin Ƙararrawa ta Uku

Ashana suke kirana a kwaleji, don ƙyas ɗaya ake yi mini in kama. Yayana kuwa, da muka fito ciki ɗaya, ko gobara ce ta tashi a ɗakinsa sai ya nemi takalminsa ya sa tukuna kafin ya fito. Shi yana ajin ƙarshe, ni ina aji biyu, kuma shi ɗalibai suka zaɓa shugaban zaure, wato mai hawa kujera ya raba magana duk ranar da ƙungiyar ɗalibai ta yi taro. Yaran yanzu in na ce musu a zamaninmu ɗalibai na da zaure da doka, sai su yi mini kallon tsohuwa ta fara ruɗewa. To akwai, kuma mun fi alƙalai riƙe ta.

A shekarar nan ne ma'aikata suka shiga yajin aiki. Daga masu dako a tashar jirgin ƙasa abin ya fara, ya yi ta yaɗuwa har ya shigo mana gida. Masu shara da masu wanki da masu girkin kwaleji suka ajiye aiki, hukumar kwaleji ta sallame su gaba ɗaya, gwamnati kuma ta hana duk wani taro da ke da ƙamshin siyasa. Sai ga sanarwa an manna a allo, wai daga mako mai zuwa ɗalibai za su ɗauki tsintsiya da bokiti su riƙa yin aikin da kansu, kafin a ɗebi sababbin leburori. Aikin taimakon kai, in ji su. Taimakon kai a gidan wa!

Kwaleji ta ɗauki zafi. Duk inda ka gifta zancen ke nan, a layin famfo, a bayan ɗakin karatu, har a aji in malami ya juya baya. Wani ya ƙirƙiro a ɗaura jan zare a maɓallin riga, alamar kana tare da ma'aikata, kafin ka ce me jan zare ya ƙare a kantin bakin ƙofa. Jagoran masu zaren wani ɗan ajin ƙarshe ne da ake kira Lauya. Ba shari'a yake karanta ba, baki ne Allah ya hore masa. In ya hau kan dutsen da ke bayan ɗakin karatu yana magana, sai ka ji kamar ka tafi ka ture gwamnati da hannu ɗaya kafin la'asar.

Ni ba jawabin Lauya ne ya kunna ni ba. Wata rana na fita sayen sabulu, na tarar da Iya mai wanki a bakin ƙofa, tsohuwar da ke wanke mana zannuwan gado tun shigowata. Ba aiki ta zo roƙo ba. Bahonta ta bari a ciki, nata na kanta, da shi take so ta riƙa wankau a unguwa, mai gadi kuma ya ce an hana shi barin kowa daga cikinsu ya taka ciki. Tana tsaye a rana tana ta ba shi haƙuri kamar ita ta yi laifi. Na koma na ɗauko bahon na miƙa mata, ta yi ta sa mini albarka, ni kuwa takaici ya cika ni. A hanyar komawa ɗaki na yanke cewa zan kai ƙuduri gaban zaure: kada ɗalibi ko ɗaya ya taɓa tsintsiya sai an mayar da mutanen nan bakin aikinsu.

Sai na bayyana muku dokar zauren, in ba haka ba ba za ku gane abin da na jefa kaina a ciki ba. Kowane ɗalibi na iya tashi ya kawo ƙuduri. In ya gama sai ya ci gaba da tsayuwa, shugaba ya kaɗa ƙararrawa sau uku, da ɗan jinkiri tsakani. Kafin ta ukun dole wani ɗan ajin ƙarshe ya miƙe ya ce ya goyi baya, don a ganin waɗanda suka kafa dokar, sai babba ya tsaya wa magana take zama magana. In an samu, ƙuduri ya zama na zaure, ko an amince ko an ƙi, kuma tun kafuwar kwaleji hukuma ta yarda ba a hukunta ɗalibi kan maganar zaure. In ba a samu ba, sakatare ya rubuta cewa maganar mutum ɗaya ce. A shekarun lafiya iyakarta a yi maka dariya. A wannan shekarar, maganar mutum ɗaya kan yajin aiki sunanta tunzura ɗalibai, hukuncinta kora.

Shugaba kuwa, muddin baƙar rigar zaure na jikinsa, ba ya goyon baya, ba ya ƙi, ba ya ɗaga hannu a ƙuri'a. Kuma babu mai taɓa ƙararrawa sai wanda ke sanye da rigar.

Na sami Yaya a ɗakinsa yana goge takalmi, na gaya masa. Bai ɗago ba sai da ya gama ƙafa ɗaya.

"Auta, ba ki da hankali," ya ce. Auta yake kirana, kamar yadda Innarmu ke yi. "In kun ƙi shara, wa kuka cuta? Bayan gida zai cika, ciwo ya ɓarke, gwamnati ta sami dalilin rufe kwaleji, kowa ya tafi gida ba jarrabawa. Su leburorin kuma suna nan a waje inda suke. Ni na fi ganin a tura wakilai su roƙi hukuma cikin lalama."

"Roƙo! Iya mai wanki ma roƙon take yi a bakin ƙofa, kan bahonta."

"Ban ce an kyauta musu ba. Na ce hanyarki ba za ta ɓulle ba."

"Kai dai ka ce kana tsoron Agogo."

Agogo shi ne malamin da ke kula da harkokin ɗalibai, mai agogon aljihu da sarƙa, wanda bai taɓa ɗaga murya ba kuma bai taɓa mantuwa ba. Duk ɗan ajin ƙarshe sai da takardar shaidarsa yake samun aikin kirki. Yaya kuma ya fi kowa buƙatarta, don an ba shi gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje, shaidar Agogo kaɗai ake jira. Innarmu, da keken ɗinkinta ya kawo mu inda muke tun rasuwar mahaifinmu, ta riga ta gaya wa duk wanda ya kawo mata ɗinki, har da waɗanda ba su tambaya ba.

Na ɗauka maganar za ta sosa shi. Ko gezau.

"Ina tsoronsa mana," ya ce. "Ke ma ya kamata. Wa zai goya miki baya?"

"Kai ba ka ga zare ba? Mun fi ɗari."

"Ba ɗari na tambaye ki ba. Mutum ɗaya, ɗan ajin ƙarshe, da zai miƙe da ƙafafunsa."

"Lauya."

Ya dube ni, ya ɗauki ɗaya takalmin. "Auta, ki saurare ni da kyau. In na sa rigar nan ni ba yayanki ba ne. In babu wanda ya tashi, zan kaɗa ta ukun, kuma ranar za ki kwana a gida. Ki tuna fuskar Inna kafin ki ɗaga hannu."

Na ce masa ya kaɗa har ta goma, na buga masa ƙofa na fita.

Duk da haka maganarsa ta tsaya mini a rai, don haka na nemi Lauya a gaban mutanensa na tambaye shi ƙiri-ƙiri. Ya dafa ƙirji. "Ashana, ni kike tambaya? Kafin ƙarar ta farko ta mutu ina tsaye. In ban tashi ba ki canza mini suna." Aka yi tafi, wasu 'yan ajin ƙarshe suka ce ai ma sai an yi rige-rige. Na koma ɗaki raina fes. Ƙawata da muke ɗaki ɗaya ce kaɗai ta ce ita dai gabanta na faɗuwa, na ce mata yunwa ce.

Ranar taro, bayan an tashi daga darasin yamma, zaure ya cika har tagogi. Tun a hanya muka ga motar 'yan sanda an ajiye ta a wajen ƙofar kwaleji, ba su shigo ba, suna zaune a baya suna kallonmu ta cikin wayar shinge. Muka shiga muka zauna, 'yan ajin ƙarshe a layukan gaba kamar yadda aka saba, mu a baya. Yaya ya hau kujera cikin baƙar riga, mataimakinsa a dama, sakatare a hagu. Yana shirin buɗe taro ke nan sai ƙofar baya ta yi ƙara, Agogo ya shigo.

Malamai na da damar zuwa su saurara, amma a iya sanina babu wanda ya taɓa zuwa. Ya tako a hankali ta tsakiya har gaba, ya ce, "Shugaba, ina neman izinin 'yar gajeruwar magana."

"Malam, ka yi haƙuri," in ji Yaya, "wanda ba ɗalibi ba ba ya magana a zaure."

Agogo ya yi murmushi. "Haka ne. Madalla da mai riƙe doka." Ya ja kujera ya ajiye ta a gefe, jikin bango, daidai inda zai ga fuskar kowane ɗan ajin ƙarshe. Ya zauna ya ɗora hularsa a gwiwa. Da ya yi maganar ma da ta fi sauƙi.

Wallahi da idona na ga hannuwa suna hawa ƙirji a hankali, kamar masu susa. Kafin sakatare ya gama karanta abin da aka tattauna a taron baya, jan zare ya ragu a layukan gaba. Ƙawata ta riƙe mini gefen zane. "Ashana, don girman Allah ki bari sai wani taron," ta ce a kunnena. Amma wani taron sai bayan an riga an ɗauki tsintsiya.

"Akwai mai ƙuduri?" in ji Yaya.

Na ɗaga hannu. Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya dubi silin, ya ba wani da ke ƙorafin fitilar ɗakin karatu damar magana. Aka gama da fitila, na sake ɗagawa. Ya ba wani mai maganar ƙwallo. Karo na uku babu hannu a sama sai nawa, kowa kuma ya gani. Ya daɗe yana kallona, ni ma ina kallonsa.

"Ɗaliba daga aji biyu," ya ce.

Na miƙe. Na shirya dogon jawabi, amma duk ya gudu. Na ce mutanen da aka kora su suka share mana, suka dafa mana, suka wanke mana dattinmu, kuma duk wanda ya ɗauki tsintsiyarsu ya taya a kore su ne. Na ce ina roƙon zaure ya amince kada ɗalibi ya taɓa aikin nan sai an dawo da su. Da na gama aka ɗan yi tafi daga can baya, tafin ya mutu da wuri.

Yaya ya ɗauki ƙararrawa ya kaɗa ta farko.

Na zuba wa ƙeyar Lauya ido. Yana layi na biyu, ina ganin kunnuwansa. Ƙarar ta mutu, bai motsa ba. Sai ma ya sunkuya, wai igiyar takalminsa ce ta kwance. Ɗan banza, takalmin da ke ƙafarsa ranar ko igiya ba shi da ita. Na dubi sauran masu rige-rigen, wannan yana duba farce, wancan yana karanta murfin littafinsa kamar yau ya fara ganinsa. Zaure tsit, har ana jin kukan fanka.

Yaya ya jinkirta iya yadda zai iya, ya kaɗa ta biyu.

Sai na ji benci ya motsa kusa da ni. Ƙawata ce, wadda ko a aji ba ta iya amsa tambaya sai ta yi gumi, ta miƙe tana kuka ta ce, "Na goyi baya!" Wasu a baya suka fara ihu, na ji kamar an sauke mini dutse daga ka.

"Ɗalibar 'yar aji biyu ce," in ji Yaya, muryarsa ba ta ko girgiza ba. "Goyon bayanta bai karɓu ba. Ta zauna."

A lokacin na tsane shi. Na tsane shi tsana ta gaske, irin wadda sai ɗan'uwa ake yi wa. Ƙawata ta zube kan benci ta rufe fuska, ni na rage a tsaye. Nan ne fa abin ya zo mini sosai. Na ga kaina da akwati a bakin shagon Inna, na ga ta tsayar da keke ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. Shekarun da ta yi tana taka keken nan har ƙafarta ta kumbura, ga abin da na kawo mata. Na dafa bencin gaba. In na zauna kafin ta uku ma maganar mutum ɗaya ce, babu wata mafita.

Yaya ya ɗaga ƙararrawa. Ya riƙe ta a sama, bai kaɗa ba.

Wani daga gaba ya ce, "Shugaba, a kaɗa mana mu wuce." Mataimaki ya matso ya raɗa masa wani abu, bai kula shi ba. Agogo ya zaro agogonsa daga aljihu, ya buɗe murfin, ya duba, ya bar shi a buɗe a tafin hannu. Ni kam na rufe ido ina jira.

Ƙarar ba ta zo ba. Da na buɗe ido sai na ga Yaya ya sa yatsa cikin ƙararrawar ya danne harshenta, ya sauke ta kan tebur a hankali don kada ta yi ko ƙis. Ya miƙe ya cire baƙar rigar. Zaure ya ɗauki guna-guni. Shi kuwa kamar yana ɗakinsa, ya shimfiɗa ta kan tebur, ya ɓalla maɓallanta ɗaya bayan ɗaya tun daga wuya har ƙasa, ya ƙulle igiyar wuyan, ya ninke ta, ya miƙa wa mataimaki da hannu biyu.

"Na sauka daga kujera," ya ce.

Mataimakin nan ɗan gaban goshin Agogo ne, kuma nan take ya gane abin da ake ciki. Ya kai hannu zai ɗauki ƙararrawa, sakatare ya dafe ta. "Sai da riga," in ji sakatare. Ya fizgi rigar ya warware, ya tarar da ita a ɓalle ruf, igiya a ƙulle. Ya shiga kokawa da maɓallai, ɗaya ma ya tsinke ya gangara ƙasa. Sai a lokacin na gane abin da ya sa Yaya ya tsaya ninki, ni da nake cewa a raina wannan mutum ko a ranar tashin duniya sai ya yi yanga.

Yaya ya sauko daga dandamali ba gudu ba. Doka ta ce mai goyon baya daga mazauninsa yake miƙewa, don haka sai da ya nemi wuri a layin 'yan ajinsu. Babu wanda ya matsa masa. Ya tsaya kan Lauya ya ce, "Gyara." Lauya ya matsa har yana neman faɗuwa. Mataimaki ya riga ya zura hannu ɗaya a riga yana laluben ɗayan. Yaya ya zauna, ya miƙe.

"Na goyi baya."

Zaure ya kece. Wasu na tafi, wasu na buga benci, wasu na ihun ba a taɓa yi ba. Mataimaki, da riga a karkace, ya yi ta kaɗa ƙararrawa yana neman shiru, amma ta riga ta zama ƙararrawar tsawatarwa, sakatare ya riga ya rubuta. Da aka lafa sai mataimaki ya ce, cikin haushi, doka ta wajabta wa mai goyon baya ya faɗi dalilinsa.

"Ƙanwata ce," in ji Yaya.

"Wannan ba dalili ba ne!"

"Doka ta ce in faɗi dalili. Ba ta ce sai ya gamshe ka ba."

Aka juya ga sakatare, ya yi ta buɗe shafuka yana bi da yatsa, can ya ɗago ya ce babu inda aka faɗi irin dalilin. Ƙuduri ya zama na zaure. Na zauna. Na saci kallon Agogo. Ya rufe agogonsa ya mayar aljihu, idonsa na kan Yaya, fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Da aka buɗe muhawara, abin mamaki, sai ga bakuna sun buɗe, tunda yanzu babu mai ɗaukar laifi shi kaɗai. Har Lauya ya tashi ya yi jawabi mai tsawo, ya yabi ma'aikata, ya yabi hukuma, ya zauna babu wanda ya san ɓangaren da yake. Aka zo ƙuri'a. Masu goyon ƙuduri su ɗaga hannu: ni, ƙawata, da wasu tsiraru a baya da ba su cika benci biyu ba. Masu ƙi: hannuwa suka tashi ko'ina. Ina dubawa cikin layin gaba sai na hango hannun Yaya a sama, miƙe sosai, ba ya ko ɓoyewa.

Ban san lokacin da na ce "Kai!" da ƙarfi ba. Mutumin da ya goyi bayan ƙuduri ya ƙi shi a gaban kowa, aka yi ta dariya, har da masu nuna ni da baki. Ana tashi na fice ta ƙofar gefe. Na ji yana kirana a baya, ban waiwaya ba. Ina sane sarai da abin da ya yi mini, amma kunya da haushi sun rufe mini ido, kuma ni in na hau, sai na kwana ban sauko ba.

Washegari da safe masinja ya zo aji ya ce ana nemana a ofishin Agogo. Na tarar da Yaya a can tsaye gaban tebur, hannu a baya. Ofishin ƙarami ne, kabad na ƙarfe a kowane bango, taga ɗaya a rufe. Agogo bai ce mu zauna ba.

"Ke," ya ce, "maganarki ta zaure ce, zaure kuma ya ƙi ta. Ba ni da abin da zan yi miki, ko da ina so. Ranar da aka sa ki shara, ki yi. Tafi aji." Ya juya ga Yaya. "Kai ka tsaya."

Ban tafi aji ba. Na tsaya a baranda jikin ƙofar, na kasa kunne, ban ji komai ba sai ƙarar keken rubutun akawu daga ofishin gaba. Babu faɗa, babu ɗaga murya, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali. Na yi ta kai da kawo ina cizon yatsa. Haushin jiya duk ya zube, tsoro ya maye gurbinsa.

Can ƙofa ta buɗe, Yaya ya fito ya ja ta a hankali. Ya gan ni, ya ɗaure fuska.

"Ba aji aka ce ki tafi ba?"

"Me ya ce maka?"

"Ya ce shugaban da ya bar kujera saboda ƙanwarsa, shi ba zai iya sa hannu ya ce mai riƙon amana ne ba." Ya waiwaya ya dubi ƙofar ofishin. "Kuma bai yi ƙarya ba."

"Tafiyar fa?"

"Za a ba wanda ke bi na."

Na ji kamar ƙasa ta matsa daga ƙarƙashina. Na kama hannun rigarsa. "Yaya, mu koma ciki. In ce na janye, in ce ni na tilasta ka, ya kore ni ya ba ka takardarka."

"Ba a janye abin da zaure ya riga ya yi wa ƙuri'a. Ke ba ki karanta doka ne?"

"Doka, doka! Ka zubar da karatunka a kan abin da ko yarda da shi ba ka yi ba!"

"Har yanzu ban yarda da shi ba. Shirme ne, jiya shirme ne, yau ma shirme ne. In kika sake kawo shi zan sake ƙin sa."

Kuka ya ƙwace mini a nan barandar, ɗalibai na wucewa suna kallo, ban damu ba. "To me ya sa ba ka kaɗa ba? Kai ka ce za ka kaɗa. Da ka kaɗa, ni na jawo wa kaina, ni ya kamata in tafi."

Ya dubi hannunsa na dama, ya juya shi, kamar na wani ne aka ba shi ajiya.

"Na yi niyya, Auta. Wallahi na ɗaga ta da niyyar kaɗawa." Muryarsa ta sarƙe, abin da ban taɓa ji ba tun ranar da aka binne mahaifinmu. Ya yi gyaran murya. "Hannun ne ya ƙi."

Na tsaya riƙe da rigarsa ina sheshsheƙa, sai can na iya tambayarsa wa zai gaya wa Inna.

"Ni zan gaya mata, ƙarshen mako," ya ce. Ya zare hannuna daga rigarsa, ya gyara inda na yamutsa. "Ke share fuskarki ki wuce aji. Kin riga kin makara."